Ka Ce Ruwa Ne Kawai? To, Miƙo Fitsarin

Ku biyu ne kuka tare ni da musu, kuma duk na gan ku. Kai na farko, mai 'yar kwalba a aljihun wandon atisaye, ka rantse ka maya cewa 'yan ƙwayoyin nan farare na homiyofati su suka warkar maka da targaɗe, kuma tun da ba na asibiti ba ne, babu hukumar wasannin da ta isa ta taɓa ka. Kai kuma na biyu, ɗan boko mai tabarau a karan hanci, kana gefe kana murmushin mugunta, wai ai ruwa ne da sukari, ɗan wasa ya shanye katan guda ma ko gezau. Ku gyara zama. Yau ba ni da gwani a cikinku, kowa zai kwashi rabonsa.

Bari in fara da mai kwalba, tun da shi ya fi ɗaga murya.

Ka ce ai likita ne ya ƙirƙiro abin? Ƙwarai kuwa, ban musa ba. Sunansa Samuel Hahnemann, Bajamushe, an haife shi a 1755. A zamaninsa, in ciwo ya kai ka gaban likita a Turai, sai a tsaga maka jijiya a zubar da jini, a ɗura maka zaiba, a sa ka amai da gudawa har ka manta ciwon da ya kawo ka. Mutumin da ya zo a irin wannan lokaci yana raba ruwa da sukari dole ya yi suna, domin nasa marasa lafiyar aƙalla suna komawa gida da jininsu. A 1790 ya sha ɓawon itacen da ake samun kwinin daga cikinsa, ya ji alamomi irin na zazzaɓin cizon sauro, sai ya yanke hukunci: abin da ke jawo wa mai lafiya alamun cuta, shi zai warkar da mai cutar. Ya wallafa ra'ayin a 1796, ya tattara shi cikin littafinsa Organon a 1810. Shi ya sa har gobe a wannan fanni albasa ce maganin mura mai sa hawaye, kofi kuma maganin rashin barci. Ka ce zolayarka nake yi? Je ka duba jerin magungunansu, ina nan ina jiranka.

To amma da yake da yawa cikin kayan aikinsa guba ne, sai ya shiga surki. Ɗigo ɗaya na magani, ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a jijjiga da ƙarfi, an sami 1C. A ɗebi ɗigo ɗaya daga nan, a ƙara 99, a jijjiga, 2C. Haka za a yi ta yi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sayarwa shi ne 30C, wato an maimaita surkin sau 30, wato kashi ɗaya cikin lambar da ke da 1 a gaba da sifili 60 a bayanta. Ka ƙaddara mai shayin unguwarku ya ɗiga madara ɗigo ɗaya a Kogin Kwara a Yawuri, ya hau mota ya tafi Lakwaja ya ɗebo kofi guda, ya miƙo maka ya ce ga shayi mai kauri, kuma kuɗinsa ya ninka domin ya sha hanya. Wallahi wannan mai shayin ya fi 30C adalci nesa ba kusa ba.

Ka ce ƙari nake yi? Lissafi ne, mutumina. Masana kimiyyar sinadarai sun daɗe da sanin adadin ƙwayoyin zarra da ke cikin ma'aunin abu, lambar da ake kira ta Avogadro, wajen 6 da sifili 23. Da zarar surki ya wuce 12C, wato sifili 24, ka riga ka ƙetare iyaka: da wuya a sami ko ƙwaya ɗaya ta asalin maganin a kwalbar. A 30C kuwa, ko ka shanye ruwan dukan tekunan duniya kana neman ƙwayar nan guda, ba ka kama hanya ba. Masu fannin kuma cewa suke yi wai iya surki iya ƙarfi. Kai jama'a!

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce ruwan yana tuna abin da ya taɓa shiga cikinsa. An riga ka. A 1988 wani masani Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya wallafa haka a mujallar Nature. Editan mujallar, John Maddox, ya tashi takanas ya je ɗakin gwajin da mutum biyu, ɗayansu James Randi, ɗan dabo wanda ya ƙware wajen tona asirin 'yan damfara. Suka ɓoye wa masu gwajin wace kwalba ce wace, suka rufe bayanin a ambulan, suka manna ta a silin. Da aka sake gwaji, ruwan ya manta komai. Kuma in da gaske ruwa na da tunani, ka tambaye shi sauran wuraren da ya bi kafin ya iso famfonku. Ina jin ba za ka so jin amsar ba.

Ka ce gwamnatocin Turawa ba wawaye ba ne, da ba ya aiki da sun yi magana? Ai sun yi, kai ne ba ka ji ba. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba hujjojin a 2015 ta ce ba ta ga cuta ko ɗaya da aka tabbatar homiyofati na warkarwa ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce a daina rubuta shi da kuɗin gwamnati a 2017. Faransa, gidan kamfanin homiyofati na Boiron, inda mutane ke shan abin kamar goro, ta daina biyan ko kwabo a kansa daga 1 ga Janairu 2021. Indiya dai har yanzu tana riƙe da shi a ƙarƙashin ma'aikata ta musamman, ka ga ban ɓoye maka naka ba. Sai dai ma'aikata ba ta mayar da sifili 60 ya zama 6.

Ah, ga babbar sandarka ta fito: Usain Bolt. Ka ce likitansa na Jamus, Hans-Wilhelm Müller-Wohlfahrt, wanda ya yi shekaru da dama yana kula da Bayern Munich da tawagar ƙasar Jamus, an san shi da allurai masu haɗin homiyofati. Gaskiya ne. To sai me? Mutumin da Allah ya ba ƙafafu irin na Bolt, ga masu tausa, ga masu horo, ga hutu, ga abinci, ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009, kai kuma duk ka tsallake waɗannan ka rungumi kwalba? Sayo irinta ka sha, mu haɗu a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ni zan riƙe agogo.

Ka ce amma kai ka sha kuma ka ji sauƙi a jikinka? Na yarda, ban ce ƙarya kake ba. Targaɗe da tsamin jiki suna warkewa da kansu, kuma mutum kan nemi magani ne ranar da ciwo ya kai maƙura, ranar da daga ita sai sauƙi. Ga kuma aikin zuciya. Willy Voet, mai kula da 'yan tseren keke na ƙungiyar Festina, ya ba da labari a littafinsa cewa a gasar Tour de France ta 1997 Richard Virenque ya matsa a yi masa allurar wani haɗi na sirri kafin tseren agogo. Voet ya ji tsoron haɗin, ya ɗura masa ruwan gulukos bai faɗa masa ba. Virenque ya yi gudun da ya ba kowa mamaki, ya sauko yana yabon maganin. Ka ga sukari yana aiki, matuƙar ba a gaya wa mai sha ba. Wannan Voet ɗin kuwa shi aka kama a iyakar Beljiyam da Faransa a Yulin 1998 da mota cike da ƙwayoyi na gasken gaske, abin kunyar da ya kai ga kafa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a Nuwamban 1999.

Kai kuma ɗan boko, na ga kana tafi har tabarau na zamewa. Rufe bakin, layinka ya zo.

Ka ce tun da babu komai a kwalbar, babu abin da gwaji zai gani? A 30C na gaskiya, wanda aka haɗa bisa ƙa'ida, haka ne. Wa ya ce maka kowace kwalba 30C ce? Akwai ma'aunin da ake rubutawa da D ko X, shi surkinsa ɗaya cikin 10 ne. D2 kashi ɗaya cikin 100, D4 kashi ɗaya cikin 10,000. Akwai kuma uwar jiƙo, wadda ba a surka ba sam. Duk homiyofati ake rubutawa a jikinsu, duk a kanta ɗaya suke. Waɗannan ba ruwa ba ne, malam, akwai kaya a ciki.

Wane kaya? Ɗauki Nux vomica, ɗaya daga cikin shahararrun magungunansu, wanda ake ba mai ɓacin ciki da wanda ya yi ɗare-ɗare a kan akushi. 'Ya'yan wata bishiya ce ta Indiya da maƙwabtanta, kuma abin da ke cikin 'ya'yan shi ne sitirikinin, gubar da aka daɗe ana kashe ɓeraye da ita. Ka ce ina ruwan biri da gada, wane mahaukaci zai sha maganin ɓera don ya yi gudu? Sunansa Thomas Hicks. A tseren dogon zango na Olamfik ɗin 1904 a Sen Luwis ta Amurka, masu kula da shi sun ɗura masa sitirikinin da farin ƙwai da barasa a kan hanya, ya iso yana tangaɗi ana riƙe da shi, aka ba shi zinare. Ɗan kaɗan daga gubar yana zaburar da jijiyoyi, shi ya sa take cikin jerin abubuwan da WADA ta haramta a lokacin gasa. Ka ce tsohon labari ne? A Olamfik ɗin Riyo ta 2016, Izzat Artykov na Kirgistan ya ɗaga ƙarfe ya ci tagulla, aka ga sitirikinin a fitsarinsa, aka karɓe lambar. Ban ce kwalbar homiyofati ya sha ba. Na ce sinadarin ɗaya ne, kuma na'urar gwaji ba ta tambayar daga wace kanta ya fito.

Ka ce ai ɗan mitsitsi ne, ba za a gani ba? Tambayi Alberto Contador. A Tour de France ta 2010 ɗakin gwajin birnin Kolon ya gano kilenbutarol a fitsarinsa, fikogiram 50 a kowane mililita. Fikogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram. Ya ce nama ya ci. Kotun wasanni ta duniya ta saurare shi da kyau, sannan ta karɓe kambin ta dakatar da shi shekara 2. Na'urar da ke ganin wannan, kai ne za ka ɓoye mata D4?

Ga kuma abin da ku biyun duka kuka manta: kun gaskata takardar da ke manne a jikin kwalba. Mai kwalba ya gaskata cewa akwai waraka, ɗan boko ya gaskata cewa babu komai, dukanku almajiran takarda ɗaya ne. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada wasu ƙwayoyin homiyofati na haƙoran jarirai, ta sami gubar beladona a cikinsu ba bisa ma'auni ɗaya ba, wasu ta zarce abin da aka rubuta nesa. Na jarirai ke nan, inda ake taka-tsantsan. A fagen kayan gina jiki na 'yan wasa kuwa, masu binciken Kolon sun sayo kaya 634 daga ƙasashe 13, suka sami 94 ɗauke da sinadaran kumbura tsoka waɗanda ba a rubuta ba, kusan kashi 15 cikin ɗari. Saboda haka in ka sha ruwan kwalba ka ji ƙarfi ya zo maka gadan-gadan, kada ka yi murna. Ruwa ba ya tsami banza.

Har da masu wayon da ke sayar da ɗigon homiyofati suna rubuta sunan haramtaccen abu ɓaro-ɓaro a jiki, irin su sinadarin girma ko hCG, wanda WADA ta haramta wa maza. A 2011 hukumomin Amurka sun aika wa masu sayar da ɗigon hCG na rage ƙiba takardun gargaɗi cewa haramtacce ne. Ka ce kai ka san ruwa ne, don haka ka tsira? Dokar WADA ba shan abu kaɗai ta hana ba, har yunƙurin shansa laifi ne, kuma ba ta damu ko ya yi aiki ko bai yi ba. Ka sayi kwalba mai sunan haram da niyyar ƙara ƙarfi, ka iya tsintar kanka gaban kwamiti kana rantsuwa cewa damfararka aka yi. Kuɗi sun tafi, suna ya tafi, tsoka kuma ko giram ɗaya ba ta ƙaru ba.

To ga shi kun haɗa baki, karo na farko, kuna cewa ai in mutum bai sani ba, ba shi da laifi. Ashsha. Ginshiƙin dokar, tun da ta fara aiki a 2004, shi ne duk abin da aka samu a jikinka, kai ke da shi. Rashin sani na iya rage maka tsawon dakatarwa, daga shekara 4 zuwa 2 ko ƙasa da haka, amma sakamakon gasar ya riga ya tafi. Tun kafin 2004 ma haka ake yi: Andreea Răducan 'yar Romaniya tana da shekara 16 ta ci zinaren wasan alkafura a Sidni a 2000. Mura ta kama ta, likitan tawagarsu da kansa ya ba ta ƙwayar mura mai sudo'efedrin. Kowa ya yarda yarinyar ba ta da laifi, zinaren dai bai dawo ba. Alain Baxter, ɗan Sikotilan mai zamiya a kan ƙanƙara, ya ci tagulla a 2002 a Amurka. Hanci ya toshe, ya sayi abin shaƙar Vicks irin wanda ya saba da shi a gida, ashe na Amurka haɗinsa daban. Kotu ta ce mutumin kirki ne mai gaskiya, lambar kuma aka miƙa wa wani. Abin shaƙa fa! Kai kuma kana nan da kwalbar da ko sunan kamfaninta ba ka iya furtawa.

Ɗan boko, ka sake cewa ruwa ba ya kama mutum in ji. Samir Nasri, tsohon ɗan wasan Arsenal da Manchester City, yana Los Anjalis a Disamban 2016 aka yi masa ƙarin ruwa, mililita 500 na ruwa da sinadaran abinci. Babu haramtaccen abu a ciki. Aka dakatar da shi wata 6, daga baya aka mayar wata 18. Dalili? Ƙarin ruwa ta jijiya na iya tsinka jini ya ɓoye wani abin, don haka hanyar kanta aka haramta in ba a asibiti bisa larura ko da izini ba. Yau iyakar ita ce mililita 100 cikin awa 12. Ryan Lochte, gwanin ninkaya na Amurka, shi da hannunsa ya sa hoton kansa ana masa ƙarin ruwa a Instagram a 2018, ya sha wata 14. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Mai kwalba, na ji kana ƙunƙuni, wai naka mai maganin mutumin kirki ne, da itatuwa kawai yake aiki. Allah ya sa. Sai dai mutumin da ya amsa laifin samar wa 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare ƙwayoyi, wani mazaunin El Faso ta Texas, shi ma da sunan mai maganin itatuwa da dabarun halitta yake tallar kansa. Abin da aka samu a jikinta sinadarin girma ne da EPO mai ƙara jini. An cire ta daga Olamfik ɗin Tokiyo a 2021 ana jiran zagayen kusa da ƙarshe na mita 100, hukuncinta ya kai shekara 11, shi kuma ya zama mutum na farko da aka gurfanar ƙarƙashin dokar Rodchenkov ta Amurka. Itace ma ai shi ya haifi sitirikinin da hodar iblis.

Ka ce to na hana ka komai, me za ka sha? Ban hana ka goro ba: kafeyin ya fita daga jerin haram tun 2004, ka ci ka yi ja da baki son ranka. Tiramadol dai da wasu ke haɗiya kafin su shiga fili, ka sani tun 1 ga Janairu 2024 haramun ne a lokacin gasa. Jerin yana canjawa kowace shekara, yana fara aiki ranar farko ta Janairu, kyauta ne a intanet. 'Yar wasan tanis Maria Sharapova ba ta duba na 2016 ba, meldoniyam ɗin da ta daɗe tana sha ya ci mata wata 15. In ciwonka na gaske ne kuma maganinsa na cikin jerin, akwai takardar izinin jinya, likita ya cika a nema tun kafin a sha. Duk abin da ka haɗiya cikin kwana 7, har 'yan ƙwayoyin sukarin naka, ka rubuta a fom ranar gwaji. Kwalbar da ba ka san abin da ke cikinta ba kuwa, bar ta a kanta. Lissafin gajere ne: in babu komai a ciki, kuɗinka sun tafi, in akwai wani abu, lambarka ce za ta tafi. Zaɓi asarar da ta fi maka daɗi.

Har yanzu kana taurin kai, wai an gwada ka bara ba a ga komai ba? Sannu da ƙoƙari. Fitsarin da ka ba da, aƙalla mililita 90, jami'i na tsaye yana kallon fitowarsa, an raba shi kwalba biyu, kuma ana iya ajiye shi a firji shekara 10 ana jiran na'ura ta ƙara wayo. Haka aka buɗe na Nesta Carter na Olamfik ɗin Bejin ta 2008, aka ga abin da ba a gani ba a da, a 2017 aka karɓe zinaren tseren miƙa sanda daga dukan 'yan Jamaika, har da gwaninka Bolt da bai sha komai ba. Haka kuma aka buɗe na wata 'yar Rasha, matan Najeriya na tseren miƙa sanda suka tashi daga tagulla zuwa azurfa suna zaune a gida. Kun yi ta musu ko ruwa na da tunani ko ba shi da shi. Wancan ruwan da ka bari a firjinsu, shi kam ba ya mantuwa, kuma ba a surka shi. Yanzu ku je ku sasanta tsakaninku, amma mai kwalba shi zai biya kuɗin shayi, tun da ya saba biyan kuɗi a kan ruwa.